Ɗana yana tseren keke, ni kuwa na daina yarda da masu yin sa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mazaunin ƙasar Beljiyam, ina da ɗa mai shekara 16 wanda ya shiga ƙungiyar matasa ta tseren keke a garin da muke zaune. A wurina ya gaji son wasan, domin a zamanin da Lance Armstrong yake lashe gasar Tour de France ba na barin zango ko ɗaya ya wuce ni, har abin hannun nan na roba mai ruwan ɗorawa da magoya bayansa suke sawa na ɗaura. Da asirinsa na amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari ya tonu sai na ji kamar ni kaɗai aka yaudara, kuma tun daga lokacin ban ƙara yarda da wani ɗan tsere ba. Yaron ba shi da gwani sai Tadej Pogačar, hotunansa sun cika masa ɗaki. Rannan muna kallon tsere tare, Pogačar ya wuce sauran a hawan dutse kamar a tsaye suke, sai na ce duk cikinsu babu wanda ba ya shan ƙwaya, har da gwanin nasa. Yaron ya tashi ya fita. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ya daina gaya mini ranakun da yake da gasa. Mahaifiyarsa ta ce ni ne da laifi. Ni kuwa tsorona shi ne kada wata rana wani mai horarwa ya miƙa masa allura. Shin in cire shi daga ƙungiyar tun da wuri? Kuma laifi ne don na faɗi abin da kowa yake zargi?

Wani uba, daga Beljiyam

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma daidaita tsakaninka da yaronka. Amsata a taƙaice ita ce kada ka cire shi daga ƙungiyar saboda abin da ka gani a talabijin, kuma uwargidanka tana da gaskiya a kan furucin da ka yi, ko da yake tsoron da ya sa ka furta shi yana da tushe. Sai dai tambayarka ta biyu ta taɓo abin da masu kallo suke gardama a kansa duk watan Yuli, lokacin gasar Tour de France, saboda haka ya kamata in tsaya a kanta sosai, domin sulhun da za ka yi da yaron ba zai ɗore ba muddin zuciyarka tana ganin an hana ka faɗin gaskiya ne kawai don a zauna lafiya.

Tarihin wasan da kansa ya haifar da zarginka. Tun a 1924 wasu 'yan'uwa Faransawa, Henri da Francis Pélissier, suka fice daga Tour de France, suka nuna wa ɗan jarida Albert Londres hodar ibilis da sauran magungunan da suke amfani da su don jure wahalar hanya. Ranar 13 ga Yuli 1967 Tom Simpson na Birtaniya ya faɗi ya mutu a hawan dutsen Ventoux, aka samu ƙwayoyin amfetamin a jikinsa da cikin aljihun rigarsa. Amma irin waɗannan ƙwayoyi na da, ɓoye gajiya kawai suke yi. Abin da ya sauya wasan baki ɗaya shi ne EPO, sinadarin da ƙoda take fitarwa don ta sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke ɗaukar iskar oksijin zuwa tsoka. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara sarrafa shi domin masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa, ba a jima ba kuwa ya shiga hannun likitocin ƙungiyoyin keke. Mutumin da zai shafe minti 40 yana hawan dutse, abin da yake taƙaita ƙarfinsa shi ne yawan iskar da jininsa zai iya kai wa cinyoyinsa, don haka wanda aka ƙara wa jajayen ƙwayoyi yana iya barin wanda Allah Ya fi hore wa baiwa a baya. Kusan shekara 10 babu gwajin da yake gano EPO. Iyakar abin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta iya yi a 1997 shi ne ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyi suka wuce kashi 50 cikin 100 na jininsa za a dakatar da shi na kimanin mako biyu, su kuwa 'yan tsere da likitocinsu suka ɗauki wannan a matsayin izinin kaiwa 49.

A watan Yuli 1998, a kan iyakar ƙasar da kake zaune da Faransa, kusa da birnin Lille, jami'an kwastan suka tare motar ƙungiyar Festina wadda Willy Voet, ɗan Beljiyam mai yi wa 'yan tsere tausa, yake tuƙawa, suka same ta maƙare da ɗaruruwan kwalaben EPO da sinadarin ƙara girman jiki da sauransu. Aka kori ƙungiyar daga gasar Tour de France, 'yan sanda suka riƙa shiga otel-otel suna bincike, kuma cikin mahaya 189 da suka fara, 96 ne kawai suka isa Paris. Tauraron ƙungiyar, Richard Virenque, ya yi ta rantsuwa cewa ba shi da masaniya, sai a gaban kotu a shekarar 2000 ya amsa laifinsa. Wannan abin kunya ne ya sa aka kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999. Masu shirya Tour de France suka yi wa gasar wannan shekarar laƙabi da gasar sabuntawa, ita ce kuwa ta farko da Armstrong ya lashe.

Labarin Armstrong ka fi ni saninsa, amma akwai ɓangare ɗaya da nake so ka sake dubawa, wato hanyar da aka bi har asirin ya tonu. Ya lashe gasar sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, kuma duk wanda ya tambaye shi, amsar ita ce an gwada shi sau ɗaruruwa ba a kama shi ba. Ko a 1999 da aka ga alamar haramtaccen maganin kotizon a fitsarinsa, takardar likita aka rubuta aka mayar da kwanan watanta baya, magana ta mutu. Mutane ne suka kayar da shi: Emma O'Reilly da take yi masa tausa, da Betsy Andreu matar abokin tserensa, da ɗan jarida David Walsh wanda ya shafe fiye da shekara 10 yana bin sawunsa ana zaginsa ana kai jaridarsa ƙara, daga ƙarshe kuma tsofaffin abokan ƙungiyarsa 11, cikinsu har da Floyd Landis da Tyler Hamilton da George Hincapie, waɗanda suka ba da shaida ga hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka. Rahotonta ya fito a Oktoba 2012, ɗauke da bayanin kuɗin da ya wuce dala miliyan ɗaya da aka biya likita Michele Ferrari. UCI ta ƙwace kambunan 7, ba ta kuma miƙa su ga kowa ba, domin yawancin waɗanda suka biyo bayansa a waɗannan shekaru su ma ba su tsira daga zargi ko hukunci ba. A Janairu 2013 ya amsa da bakinsa a hirarsa da mai shirin talabijin ta Amurka, Oprah Winfrey. Haka abin yake a sauran manyan badaƙaloli. 'Yan sandan Sifaniya ne suka gano jakunkunan jini a ɗakunan likita Eufemiano Fuentes a Madrid a 2006, abin da ya hana Jan Ullrich da Ivan Basso shiga Tour de France ta shekarar, shi kuwa Bjarne Riis, zakaran 1996, da kansa ya kira 'yan jarida a 2007 ya ce da EPO ya ci.

Saboda haka duk wanda ya ce maka gwani kaza ba a taɓa kama shi a gwaji ba, bai kawo hujjar da za ta rufe magana ba, kuma yana da kyau yaronka ya san wannan. Amma ka lura da ɗaya gefen. A duk waɗannan shari'o'i akwai abin da ake iya nunawa da yatsa: mota cike da kwalabe, jakar jini mai lamba, takardar banki, mutumin da ya ce da idona na gani. A kan Pogačar babu gwajin da ya kama shi, babu abokin aiki da ya fito ya ba da shaida, babu shari'ar 'yan sanda. Abin da ake da shi zato ne, kuma dalilan zaton biyu ne manya. Na farko shi ne gudun da yake yi. Ya lashe Tour de France a 2020 da 2021 da 2024 da 2025, a 2024 ya haɗa ta da gasar Italiya ta Giro, abin da ba a yi ba tun Marco Pantani a 1998, ya kuma ƙara da kambun duniya, sannan ya sake lashe kambun a Kigali ta Ruwanda a 2025, karon farko da aka yi gasar kambun duniya a Afirka. Ranar 14 ga Yuli 2024 ya hau dutsen Plateau de Beille cikin lokacin da ya gaza na Pantani da fiye da minti 3, alhali Pantani ya kafa nasa tarihin ne a tsakiyar zamanin EPO, har ma Jonas Vingegaard da ya zo na biyu a ranar ya fi Pantani sauri. Dalili na biyu shi ne mutanen da suke jagorantar wasan. Shugaban ƙungiyar Pogačar, Mauro Gianetti, shi ne yake jagorantar Saunier Duval a 2008 lokacin da aka kama mahayinta Riccardo Riccò da sabon nau'in EPO ana tsakiyar gasa. Ba ƙungiyarsa kaɗai ba, motoci da yawa da suke bin bayan mahaya a yau, mutanen wancan zamanin ne a cikinsu. Mai kallon da ya san wannan ya kuma ɗaga gira, babu wanda zai ce ya yi rashin adalci.

Masu kare mahayan yau su ma ba su rasa abin faɗa ba. Cin abinci a kan keke ya sauya ƙwarai, domin yanzu mahayi yana shan giram 100 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa, kusan ninki biyu na abin da ake ba da shawara shekaru 20 da suka wuce, wanda ke nufin yana isa gindin dutse na ƙarshe da sauran ƙarfi a jikinsa. Nauyin keke ba ya sauka ƙasa da kilo 6.8 bisa dokar da aka kafa tun 2000, amma siffar keken da tayoyinsa da rigar mahayi da hularsa duk an gyara su don rage turjiyar iska. Mahaya suna shafe makonni a sansanoni masu tsayin fiye da mita 2,000, kamar dutsen Teide a tsibirin Tenerife da Sierra Nevada a Sifaniya, inda ƙarancin iska yake sa jiki ya fitar da nasa EPO ta halal. Tun suna yara ake auna ƙarfin tuƙinsu da na'ura. Bayan haka kwatanta lokacin hawan dutse ɗaya a shekaru biyu daban yana da ruɗani, domin iska da tsawon zangon da yadda abokan ƙungiya suka ja gaba duk suna shafar sakamakon. A ganina waɗannan dalilai na gaske ne, sai dai masana ba su daidaita a kan ko sun isa su bayyana tazarar minti 3 ba, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Tsarin sa ido ma ya fi na zamanin Armstrong tsauri nesa ba kusa ba. A 2008 UCI ta fara abin da ake kira fasfon jini, inda ake auna jinin mahayi lokaci bayan lokaci ana adana sakamakon, ta yadda ko ba a ga maganin ba, sauyin da ba shi da bayani a jinin yana iya zama hujjar hukunci. Wajibi ne babban mahayi ya bayyana inda za a same shi kowace rana, kuma saɓa wannan sau 3 cikin wata 12 laifi ne mai zaman kansa. Ana ajiye samfurin fitsari da jini har shekara 10 don a sake gwada su idan kimiyya ta ci gaba. Tun 2015 hukuncin mai yi da gangan ya koma shekara 4, kuma tun 2021 wata hukuma mai zaman kanta, ITA, ita ce take gudanar da gwaje-gwajen. Duk da haka tsarin yana da ɓaraka, domin ana iya yin allurar da ba ta da yawa da dare ta ɓace kafin safiya. A 2019 'yan sandan Ostiriya da Jamus ne suka bankaɗo likita Mark Schmidt na birnin Erfurt, wanda yake cire wa 'yan wasa jini yana mayar musu, cikinsu har da mahaya keke irin su Stefan Denifl da Georg Preidler waɗanda fasfon jini bai kama su ba. Kotu a Munich ta ɗaure shi shekara 4 da wata 10 a 2021. Akwai kuma abubuwan da suke kan iyaka, kamar shaƙar iskar kabon monoksaid da wasu ƙungiyoyi suka ce suna amfani da ita don auna jini, wadda UCI ta haramta maimaita shaƙarta daga Fabrairu 2025 bayan da 'yan jarida suka tayar da maganar.

Idan aka haɗa wannan duka, matsayin da mai adalci zai tsaya a kai shi ne cewa ba a tabbatar da laifi a kan gwanin yaronka ba, ba kuma wanda zai iya rantse maka da tsarkinsa. Kai kuwa ka yanke hukunci, ka kuma haɗa da kowa da kowa. Hausawa suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma an ga inda zato ya kai wasu 'yan kallo, domin a Tour de France ta 2015 wani ya watsa wa mahayi Chris Froome fitsari a fuska yana kiransa mashayi.

Amma babban abin da ya dame ni a furucinka ba mutuncin Pogačar ba ne, shi yana da lauyoyin da za su kare shi. Ka gaya wa yaro mai shekara 16, wanda yake tashi da asuba cikin sanyin Beljiyam yana atisaye, cewa babu wanda yake kaiwa sama a wasansa sai da ƙwaya. Wannan ita ce ainihin maganar da mai miƙa allura yake fara yi. Duk mahayan da suka tuba suka ba da labari, abin da suka ce kusan iri ɗaya ne: babu wanda ya ɗaure su, an dai gamsar da su ne cewa kowa yana yi, wanda ya ƙi kuwa ya koma gida ya nemi wata sana'a. Armstrong da kansa ya gaya wa Oprah cewa a lokacin bai ɗauki abin da yake yi a matsayin maguɗi ba, domin yana ganin daidaita fili kawai yake yi da sauran. Ranar da abin da kake tsoro zai faru, Allah Ya kiyaye, garkuwar yaronka ita ce imaninsa cewa ana iya yin wasan da tsabta kuma akwai masu yin sa haka. Idan mahaifinsa ya riga ya rushe wannan imani, mai allurar ya samu rabin aikinsa a gama. Sannan ka rufe ƙofar da ta fi kowace muhimmanci, domin yaron da ya daina gaya maka ranar gasarsa ba zai gaya maka ranar da wani ya ba shi ƙwayar da bai san sunanta ba.

Kuma maganar ba ta kasance gaskiya ba ko a mafi munin zamani. Christophe Bassons yana cikin ƙungiyar Festina a 1998, kuma abokan tserensa da aka kama sun shaida cewa shi ba ya taɓa komai. A gasar 1999 ya riƙa rubutu a jarida yana cewa wasan bai tsarkaka ba, Armstrong ya matso kusa da shi ana cikin tsere ya ce masa ya yi shiru ko ya tafi, sauran mahaya suka juya masa baya, ya fice daga gasar, ya kuma yi ritaya a 2001 yana da shekara 27. Daga baya ya yi aiki da ma'aikatar wasanni ta Faransa a fannin yaƙi da ƙwayoyi. Labarin irin wannan mutum ya kamata yaronka ya ji daga bakinka.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka same shi ku kaɗai, ba a gaban mahaifiyarsa ko ƙannensa ba, ka gaya masa cewa ka faɗi abin da ya wuce saninka a kan gwaninsa, kuma ba ka nufi ƙoƙarinsa shi ba. Uba ba ya raguwa don ya faɗi haka. Daga nan ka ba shi labarin Armstrong yadda ya same ka, da abin hannun da ka ɗaura, da yadda ka ji ranar da ya amsa laifi, domin mai yiwuwa yaron bai taɓa sanin cewa ciwon yaudara ne yake magana a bakinka ba, yana ɗauka raina abin da yake so kawai kake yi. Kada ka nemi ya cire hotunan, kada kuma ka yi masa alkawarin cewa gwaninsa tsarkakke ne. Ka koya masa ya so wasan fiye da yadda yake son mutum ɗaya a cikinsa, don ko da wata rana labari marar daɗi ya fito a kan wani, kada abin ya karya shi yadda ya karya ka. Ka tambaye shi ranar gasarsa ta gaba, ka je ka tsaya a bakin hanya.

Game da tsoronka kuwa, wurin da ya kamata ka sa ido shi ne ƙungiyar garinku. Yaro mai shekara 16 ba EPO ne haɗarinsa na farko ba. Haɗarin yana farawa ne daga garin ƙarin ƙarfi da ƙwayoyin bitamin da ake saya a intanet, waɗanda wasunsu suke ɗauke da haramtattun sinadarai ba tare da an rubuta a jikinsu ba, alhali dokar WADA ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa ko da bai san yadda ya shiga ba. Alberto Contador ya ce naman da ya ci ne ya sa aka ga haramtaccen sinadarin kilenbutarol a fitsarinsa, duk da haka ya rasa kambun Tour de France na 2010. Sai magungunan kashe zafi, musamman tiramadol, wanda UCI ta haramta a lokacin gasa tun Maris 2019, wanda kuma ya sa aka soke matsayi na 6 da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour de France ta 2022, kafin WADA ta saka shi a jerinta a 2024. Wanda ya san ɓarnar da wannan ƙwaya ta yi wa matasa a garuruwan arewacin Najeriya da Nijar ba ya bukatar dogon bayani a kanta. Akwai kuma matsin rage ƙiba, domin a wannan wasa ana auna ƙarfi ne gwargwadon nauyin jiki, kuma yaron da yake girma idan ya fara ƙin cin abinci don ya yi sauƙin hawa, ƙashinsa da girmansa ne za su biya. Matsin ya ƙaru a kan matasa tun da Remco Evenepoel, ɗan ƙasar da kake zaune, ya tsallaka daga rukunin matasa kai tsaye zuwa babbar ƙungiya a 2019 yana da shekara 19, manyan ƙungiyoyi suka koma farautar yara tun ba su gama sakandare ba.

Ka je ka gabatar da kanka ga mai horar da su, ka tambaye shi cikin ladabi wane ne likitan ƙungiyar, wane ne yake da ikon ba yara wani abu su sha, kuma ko ana sanar da iyaye. Mai horarwa na ƙwarai yana murna da irin wannan tambaya. Ku yi yarjejeniya da yaron cewa babu garin sha ko ƙwaya da zai shiga bakinsa sai kai da likitan gidanku kun gani, kuma duk likitan da zai rubuta masa magani, ko na asma ne ko na mura, a gaya masa cewa yaron ɗan gasa ne, domin wasu magungunan sai da takardar izini ta musamman. Jerin haramtattun abubuwa na WADA yana sauyawa ranar 1 ga Janairu kowace shekara, kuma a Beljiyam kowane yanki yana da hukumarsa ta yaƙi da ƙwayoyi wadda take amsa tambayoyin iyaye. Ka sani kuma cewa tun 2011 UCI ta haramta allura a wasan in ba da dalilin jinya ba, ko da ta bitamin ce, saboda haka duk wanda ya fito da sirinji a ƙungiyar matasa ya riga ya karya doka kafin a tambayi abin da ke ciki.

Akwai yanayin da zan ce ka cire shi ba tare da jinkiri ba. Idan ka ga ana ba yara abin sha a gora da ba a faɗa musu abin da ke ciki ba, ko wani babba ya ce wa yaro kada ya gaya wa iyayensa, ko ana auna nauyinsu a gaban juna ana kunyata mai ƙiba, ko an tilasta wa marar lafiya ya hau keke da maganin kashe zafi, to ka ɗauke shi a ranar, ka kai rahoto ga hukumar yankinku don kare 'ya'yan wasu, sannan ka nema masa wata ƙungiyar, domin Beljiyam ba ta rasa ƙungiyoyin keke ba.